Raba Gidan Tarayya Tun Ana Shiri
Jawabin da aka gabatar a taron shekara na Tsofaffin Ɗalibai

 

An nemi in yi magana kan rabon gida ko fili na tarayya. Na karɓa ne domin abin ya ci ni. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida ɗaya, mu shida. Kunya ta hana mu raba. Da babban yayanmu ya rasu, 'ya'yansa suka shigo, sai masu haƙƙi suka zama goma sha huɗu, zumunci kuwa ya kusa watsewa.

Malamanmu na Malikiyya sun kasa rabo kashi uku. Na farko, rabon amfani: kowa ya zauna a sashe guda, ko a yi karɓa-karɓa, amma mallaka tana nan ta kowa. Na biyu, rabon yarda: a kira masu ƙiyasta kuɗi, wanda sashensa ya fi tsada ya cika wa saura. Na uku, ƙuri'a, bayan an daidaita kaso-kaso. Ita ƙuri'a ba a yin ta sai a kan dukiya iri ɗaya, ba a haɗa gona da gida.

In an kasa shiryawa, sai gaban alƙali. Abin da Risala ta Ibn Abi Zaid ta tsara shi ne, abin da zai rabu ba tare da cutarwa ba a raba shi. Wanda ba zai rabu ba, in ɗaya ya nemi a sayar, a tilasta wa saura, a raba kuɗin.

Sai shufa'a. In abokin tarayyarka ya sayar wa bare kasonsa kafin a raba, kana da ikon karɓa a kan kuɗin da aka saya. Amma in kana gari ka yi shiru har shekara ta wuce, ka rasa. Maƙwabci ba shi da wannan haƙƙi a mazhabarmu.

Kada kuma a manta da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta ɗora filayen jiha a hannun gwamna. In gidan yana da takardar mallaka ta gwamnati, sauya suna yana bukatar yardar gwamna. Ba a tsaya ga takardar mai unguwa kaɗai ba.

Mu dai a ƙarshe mun sayar, kowa ya karɓi nasa, sannan gaisuwa ta dawo. 'Yan uwa, har filin da wasunmu suka haɗa kuɗi suka saya, a rubuta kason kowa gaban shaidu tun yanzu. Rabo ba ya kashe zumunci, jinkirinsa ne ke kashewa.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya.