Mudun Auna Roba: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Tun ɗazu wasu 'yan ajinmu ke tsokana ta, wai gwamnati na biya na albashi don in riƙa dafa roba. To, bari in kare kaina.

Kowace roba tana da wani mataki na zafi inda take sauya hali. Ƙasa da shi tana da tauri kamar gilashi, sama da shi sai ta saki jiki. Na bututun PVC yana wajen digiri 80, na polistirin wajen 100, na robar itace kuwa can wajen 70 ƙasa da sifiri. Abin ba na wasa ba ne. A 1986 kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse da mutum 7, don sanyi ya sandarar da zoben robar da ke toshe mahaɗar roka.

Da na'urar DSC muke awon: 'yan kasake biyu na alminiyam, ɗaya da roba kamar miligiram 10, ɗaya wayam, a dumama su tare. Ƙarfen indiyam da muke saita ta da shi yana narkewa a 156.6, ba gardama. Roba kuwa sannu a hankali take sauyawa, kana gaggauta wuta lambar na hawa. Har ma sai an dumama, an sanyaya, an sake dumamawa, sannan a rubuta.

Wata rana mu da wani ɗakin gwaji muka auna bututu ɗaya, muka saɓa. Mai kayan ya ce, “Malam, da wa zan yarda?” Na rasa ta cewa.

A kasuwa mudu ke raba gardama, mu ma muna da namu. Akan ɗauki polistirin ɗauri guda, a tsinci samfur nan da can a tabbatar duk bai ɗaya ne. A ajiye shi watanni a ga ko ya sauya. A rarraba wa ɗakunan gwaji da dama su auna bisa ƙa'ida ɗaya. Sai an gama duk wannan ake ba shi takardar shaida mai ɗauke da lambar, da iyakar kuskurenta, da saurin dumamawa. Tabbatar da irin waɗannan kayan awo aikin hukumomi ne kamar NIST ta Amurka da BAM ta Jamus.

Da muka samo irinsa muka gwada, ashe tamu na'urar ce ta karkace. Ni aka aika in ba mutumin haƙuri, bayan kayansa sun daɗe a tsare.