Kuɗin Ƙungiya Amana Ne: Jawabin Magatakarda a Bikin Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya



Akwai wata shawara da ke yawo a tsakaninmu, wai a ɗebi kuɗin asusun ƙungiya a sayi wake da kaka, a ajiye sai bazara a sayar, a ci riba. Masu wannan magana 'yan'uwanmu ne, kuma alheri suke nufi. Amma mu a ofis muna roƙon a tsaya a yi tunani.

Ɗan kasuwa da jarinsa yake ciniki. In ya ci riba tasa ce, in ya faɗi shi ya faɗi. Kuɗin asusu kuwa na kowa ne. A ciki akwai na alhaji mai tirela, akwai na baiwar Allah mai tsallaka iyaka da buhu biyu na albasa. Don ranar wuya aka tara su, ita kuwa ranar wuya ba ta sallama. Mun gani a watan Agustan 2019 da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disambar 2020. Mun sake gani bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, motoci suka yi cirko-cirko a Jibiya da Illela da Birnin Ƙonni, albasa tana ruɓewa a cikin buhu, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Daga asusun nan aka ciyar da direbobinmu da suka maƙale. Da a ce kuɗin suna kwance cikin buhunan wake a sito, da me za mu taimake su? Kuma ƙungiyar da ta ɓoye abinci tana jiran ya yi tsada, da wane ido za ta dubi talakan da ke saye a hannun 'ya'yanta?

Shi ma mai neman riba yana da nasa haƙƙin. A cika mudu, kada a gauraya tsohon kaya da sabo, kada a labta wa wake maganin ƙwari fiye da kima. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin da aka samu a ciki. Laifin wasu ya shafi mai gaskiya da marar gaskiya.

Mu ma muna da namu kuskuren. Bara mun yi jinkirin karanto muku lissafi, kuma an ba da wani rance ba tare da rubutu ba. An biya, alhamdulillahi, amma bai dace ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tunda muna karɓar kuɗin watanku, daga yanzu duk bayan wata uku za mu karanto abin da ya shiga da abin da ya fita, kuma ko sisi ba zai fita ba sai da sa hannun shugaba da ma'aji. Littafin yana ofis, duk mai katin ƙungiya yana da ikon dubawa.

Maganar wake kuwa za a kawo ta gaban babban taro, ku ne za ku yanke.

Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya kai kowa gida lafiya.