Awon Igiya: Ma'anar Kalmar da Asalinta



Abin da za mu tattauna yau shi ne wata kalma da muke ji kullum a bakin dillalan filaye, daga Argungu har Birnin Kebbi, wato awon igiya. Awo daga auna ya fito, igiya kuwa ita ce dai wadda ake tufkawa da kaba ko rama. Mai gona ya kira dillali da shaidu, a ja igiya, a kafa turaku, a yanka gonar kashi-kashi, a sayar wa masu son gini. Sunan ke nan, aikin ke nan.

Kafin igiya ta yi suna, ƙafa ce ma'auni. A farkon mulkin Turawa, malaman taki a Kano da takawa suke auna gonaki don yanka haraji. Bayan haka safiyo ya zo da taswira, muka ari kalmar fuloti daga Ingilishi. Saboda haka yau muna da kalmomi biyu: fuloti na hukuma, awon igiya na mai gona.

Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, shi ke ba da takardar shaidar mallaka. Amma da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, Birnin Kebbi ta zama hedkwata, sai ma'aikata suka yi yawa, fulotin hukuma bai wadatar ba. Nan igiya ta sami kasuwa, domin ta fi araha, kuma ba ta da dogon jira.

To, ina illar take? Igiya abin sayarwa kaɗai take aunawa. Hanya da magudanar ruwa da filin makaranta ba su kawo wa mai gona kuɗi, don haka da wuya a bar musu wurin kirki. Mu kuwa mazauna kwarin Rima, da muka ga yadda ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa, mun san ruwa ba ya mance hanyarsa.

'Yan'uwa, cikinmu akwai waɗanda za su zauna ofishin filaye, akwai masu tara albashi don sayen fili. Kafin mu sa hannu ko mu biya, mu tambaya: ina hanya, ina ruwa zai bi, ina takarda? Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Allah ya sa mu dace.