Hannun Da Ke Zafi Bayan Karaya Ta Warke

Jawabi ga ɗaliban ajin yaƙi da jahilci na Kakuri, Makera da Barnawa, Kaduna.



Mutum yakan faɗi daga babur ko a bakin rijiya ya karya wuyan hannu. A yi ɗori ko a sa filasta, ƙashi ya haɗe. Amma sai hannun ya kama zafi kamar an sa shi a wuta. Ya kumbura, fata ta sake launi, ta yi sheƙi. Wani lokaci ya yi gumi, wani lokaci ya yi sanyi. Ko riga ta taɓa shi sai kuka.

Wasu sukan ce sammu ne. Wasu su ce raki ne. Ba haka ba ne. Ciwo ne sananne. Wani likitan Amurka mai suna Mitchell ya yi bayaninsa a 1864, bayan ya gan shi ga sojojin da aka harba. A da ana ce masa RSD. Daga 1994 likitoci suna kiransa CRPS. Jijiyoyin da ke kai saƙon zafi ne suke ci gaba da ƙara bayan rauni ya warke. Ya fi kama mata, kuma yakan kama ƙafa ma.

To, me ke faruwa da mai wannan ciwo bayan an daɗe? Likitocin da suka bi marasa lafiya wata da watanni sun ga yawancinsu suna samun sauƙi sosai cikin shekara guda, ba tare da tiyata ba. Kumburi da sauyin launi su ne suke fara tafiya. Zafi yana raguwa a hankali. Abin da yakan daɗe shi ne ƙagewar yatsu da rashin ƙarfi. Wasu kaɗan sukan yi shekaru suna fama.

Babban magani shi ne motsa hannun. Wanda ya naɗe hannu ya ɓoye saboda tsoro, hannun ƙagewa zai yi. Ma'aikatan gashin ƙashi suna koya wa mutum buɗe yatsu da dunƙule su. Sukan sa a shafa fatar da auduga, daga baya da tawul, har ta saba da taɓi. Akwai kuma dabarar madubi: a ɓoye hannu mai ciwo bayan madubi, a motsa mai lafiya ana kallo. Likita yakan ba da maganin rage zafi domin a iya motsin. A gida a fara da ƙaramin aiki, kamar tsince wake ko jan carbi, kullum kaɗan-kaɗan.

A kiyaye abubuwa uku. Kada a yi tsaga ko ƙaho a wurin, sabon rauni yana iya ƙara ciwon. Kada a sayi Tramadol a sha ba da umarnin likita ba. Idan kuma ɗori ya matse har yatsu suka yi baƙi ko suka mutu, wannan wani haɗari ne dabam, a tafi asibiti a ranar.

Mutanen wannan yanki suna da Asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard a Kakuri. Idan abin ya yi tsanani, akan tura mutum Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Wanda ya je da wuri ya fi samun sauƙi.

Iyali su taimaka, kada su ce mai ciwo ƙarya yake. Allah Ya ba mu lafiya, amin.