Kafin Mu Ɗauke Yaro Daga Makarantarsa

 

Yau ba lissafin asusu kaɗai muka kawo muku ba. Akwai maganar da ke yawan zuwa ofis: uba ya zo neman rance, ya ce makarantar ɗansa ta lalace, aji ya cika maƙil, wani malamin sai a yi makonni ba a gan shi ba, don haka zai ɗauke yaron. Kukan gaskiya ne. Amma kuɗin na jama'a ne, yaron kuma namu ne duka, shi ya sa muke roƙon a yi shawara tukuna.

Na farko, mu gano inda matsalar take. Mu karɓi takardar sakamako, a samu mai faransanci ya karanta mana ita darasi-darasi. Maki 10 cikin 20 shi ne mizani. Idan galibin ajin ne ke ƙasa da 10 a lissafi, mu tuhumi makaranta. Idan ɗanmu ne kaɗai, mu tuhumi kanmu. Mun san yadda kasuwar Malanville ke cika daga Juma'a zuwa Lahadi, mun kuma san wa ke tsare mana rumfar albasa da shinkafa a ranakun. Yaron da ya wuni yana dakon kaya a bakin kogi, ko wace makaranta aka kai shi, da gajiyarsa zai je.

Na biyu, ina za a kai shi? A da, wasu kan ce Gaya, tunda can ma da faransanci ake karatu, kuma gada ce kawai tsakaninmu. Amma tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka rufe gadar, aka koma kwalekwale. Mu manya mun san fargabar ƙetarawa idan kogi ya cika, balle a ɗora wa ɗalibi ita safe da yamma. Wasu kan ce Kamba, a jihar Kebbi. Can da turancin Ingila ake karatu, jarrabawarsu WAEC da NECO, mu kuma namu BEPC da BAC. Yaron da ya yi shekaru da faransanci yana iya komawa baya kafin ya kama harshe. Kandi kuwa kusan kilomita 100 ne, Parakou sama da 300. Bayan kuɗin makaranta akwai ci da sha, ga babbar tambaya: a hannun wa zai zauna? Mu da ke yawo mun san darajar mai masauki nagari. Ga 'ya mace, wannan tambaya ta fi nauyi.

Na uku, lokaci. Shekarar ƙarshe ta kwaleji ita ce ta BEPC, kuma tun watanni kafin jarrabawa ake kai takardun rajista. Wanda ya cire yaro a tsakiyarta yana iya sa shi asarar shekara guda cur. In sauyin ya zama dole, a bari sai babban hutu, kafin komawar Satumba, a karɓi takardar shaidar karatu da duk sakamakonsa. Makarantar kuɗi kuma kada fentin bango ya ruɗe mu. Mu je da ƙafarmu, mu nemi ganin yara nawa ta kai jarrabawa bara, nawa suka ci. Ai ba ma sayen buhu sai mun sa hannu a ciki.

Sannan mu tuna, ba kowa ke da halin ɗauke ɗansa ba. In masu hali suka watse, 'ya'yan 'yan dako da direbobinmu ne za a bari babu mai tsaya musu. Kowace makaranta tana da ƙungiyar iyayen yara, amma mu nawa ne ke zuwa taronta?

Saboda haka muna ba da shawara biyu, hukunci na wajenku. A naɗa mutum uku, har da uwa ɗaya, su riƙa halartar waɗannan tarurruka da sunanmu. Sannan duk mai neman rance don sauya makaranta ya zo da sakamakon yaron, mu duba tare kafin a sa hannu.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya buɗe hanya, ya maimaita mana. Wassalamu alaikum.