Fargaba tana farawa kafin a kunna kyamara

Yau maganata da ɗalibai ce, masu shirin fim ɗinsu na farko, irin wanda ke sa zuciyar mai kallo bugawa.

Ku fara da haske. Na ce haske, ba kyamara ba. Soro mai duhu, tocila ɗaya a ƙasa tana haska rabin fuskar mutum, ɗaya rabin a ɓoye. Wannan ya fi kururuwa tayar da hankali. Amma ku sani, duhun da ido ke gani daban, wanda kyamara ke ɗauka daban. Ku je wurin da za ku ɗauki fim ɗin da daddare ku gwada, tun kafin ranar aiki. Ku tanadi fitila mai caji, domin ƙarar janareta tana cinye murya.

Sai 'yan wasa. Kada ka sa abokinka ya fito a mugu don kawai abokinka ne. Mugun da ya fi ban tsoro shi ne mai sanyin murya, sanye da farin kaftani mai guga, wanda kowa zai amince masa. Kaftanin nan kuma a ɗinka biyu. In jini ya ɓata ɗaya, a maimaita da ɗayan.

Jinin ma ba sai an kashe kuɗi ba. A fim ɗin Psycho na 1960, da ruwan cakulan Alfred Hitchcock ya yi amfani, tunda hoton baƙi da fari ne. Wuƙa kuwa, ta roba. Ina roƙonku, kada kowa ya kawo ta gaske.

Kafin a fara ihu da tsakar dare, a nemi izinin mai gida, a sanar da mai unguwa.