Jawabi Ga Masu Tsohon Babur: A Fara Duba Kuloci

Wani gogaggen bakanike ya yi wa 'yan ajin yaƙi da jahilci jawabi. Ya ce idan mutum ya matse kuloci ya sa giya, babur ya zabura ko ya mutu, to kuloci ne bai saki sosai ba.

Ya ce a fara duba wayar kuloci. In ta yi sako-sako a ɗaure ta, a bar ɗan wasa na milimita 2 zuwa 3 a gindin hannu. In baƙin mai ya tsufa a canja shi. In bai gyaru ba, wataƙila faifan kuloci ya tanƙware, sai a kai wa bakanike.

Ya gargaɗe su kada su taka giya da ƙarfi, domin in haƙoranta suka cinye, kuɗin gyara sai ya ninka.